Yadda Ake Koyon Nutso a Teku da Tukunyar Iska, Mataki-Mataki

Tun da hotunan masu yawo a ƙarƙashin teku suka yawaita a wayoyinmu, masu karatu suke ta aiko da tambayoyi iri ɗaya: ta ina mutum zai fara idan yana son ya koyi nutso da tukunyar iska a bayansa, nawa zai kashe, kuma wanda ya taso a garin da babu teku zai iya kuwa? Zai iya, muddin ya bi matakan a jere yadda aka tsara su. Yawancin wahalar da sababbin masu nutso suke sha tana zuwa ne daga tsallake, wato mutum ya sayi kaya alhali bai iya iyo ba, ko ya faɗa teku kafin ya saba da tafki. Don haka aka jera matakan nan bisa yadda ya kamata a yi su, tare da gargaɗin kowanne a kusa da shi.

1. Ganin likita

Kowace makarantar nutso ta gaskiya za ta ba ka takardar tambayoyin lafiya ka cika kafin ka taɓa ruwa. Za a tambaye ka game da asma, ciwon zuciya, hawan jini, ciwon suga, farfaɗiya, tiyatar kunne, da ko huhunka ya taɓa samun matsala. Idan ka amsa da e a wasu daga cikinsu, sai likita ya duba ka ya sa hannu. Ya fi sauƙi ka nemi takardar ta intanet tun kana gida, ka kai wa likitanka, da ka je wata ƙasa sannan ka fara neman asibiti alhali kwanakin otal suna ƙarewa.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da yawancin mutanen da aka rubuta wa littattafan nutso, wato sikila. Mai cutar sikila ba ya nutso da tukunya, domin sanyi da ƙarancin ruwa a jiki da wahalar numfashi duk suna iya tayar da ciwon, kuma tashinsa a ƙarƙashin ruwa ba abin wasa ba ne. Wanda jininsa AS ne ya faɗa wa likita, ya bar shi ya yanke hukunci. Mace mai juna biyu ta dakata har ta sauka.

Gargaɗi: kada ka ɓoye ciwo a takardar don gudun kada a hana ka. Malamin da bai san kana da asma ba, ba zai gane abin da ke faruwa ba idan ƙirjinka ya riƙe a zurfin mita 12.

2. Koyon iyo

Ba sai ka zama gwanin tsere ba, amma akwai jarrabawa biyu da ba a ɗaga wa kowa ƙafa a kansu. Ta farko ita ce ka yi iyon mita 200 ba tare da tsayawa ba, da kowane salo, kuma ba a ƙayyade lokaci. A tafki mai tsawon mita 25, hakan yana nufin tsallaka shi sau 8. Ana iya musanya wannan da mita 300 idan mutum yana sanye da gilashin fuska da bututun numfashi da takalmin iyo. Ta biyu ita ce ka zauna a saman ruwan da ya fi ƙarfin tsawonka na minti 10 ba tare da ka riƙe komai ba.

Idan ba ka iya iyo ba sam, ka ware wata biyu ko uku a gida kafin ka yi zancen tikiti. Ka nemi tafkin iyo na otal ko na filin wasa wanda yake da mai ceto a tsaye, ka tambayi kuɗin wata maimakon na shiga ɗaya-ɗaya, domin yakan fi araha, sannan ka ɗauki mai koyarwa ko da na darussan farko ne. Zuwa sau uku a mako na rabin awa ya fi zuwa sau ɗaya a yini guda amfani.

Ka fara da numfashi kafin hannu da ƙafa. Ka tsaya a ruwa iya ƙirji, ka dafa gefen tafki, ka ja iska ta baki, ka tsoma fuska, ka fitar da ita a hankali ta hanci da baki har ta ƙare, ka ɗago ka sake. Ka maimaita wannan har sai ya daina ba ka tsoro. Daga nan ka koyi kwanciya rigingine a kan ruwa, kunnuwa a ciki, haɓa a ɗage, ciki a sama, hannuwa a buɗe. Wannan kwanciyar ita ce za ta fisshe ka a jarrabawar minti 10, kuma ita ce hutun duk wanda ya gaji a tsakiyar ruwa. Sai harbin ƙafa, wanda ya kamata ya taso daga ƙugu, gwiwa ba ta lanƙwashewa sosai. Mai harbi daga gwiwa kamar yana tuƙa keke zai wahala ƙwarai ranar da ya sa takalmin iyo. Bayan waɗannan ne ake haɗa hannu, kuma iyon kwaɗo ya fi sauƙi ga babban mutum, domin ba ya cinye numfashi da sauri.

Wanda ya taso a bakin kogi, a Yawuri ko Argungu ko gaɓar Binuwai, yakan zo da ƙarfin iyo da rashin tsoron ruwa, amma sau da yawa iyonsa na kai a sama ne. Shi ma yana bukatar ya koma kan darasin tsoma fuska da fitar da iska a hankali, domin a kansa aka gina duk abin da zai biyo baya.

Gargaɗi: kada ka koyi iyo a kududdufi ko dam ko ramukan haƙar kuza irin na Jos. Ba a ganin ƙasansu, zurfinsu yana sauyawa daga taku ɗaya zuwa na gaba, laka tana riƙe ƙafa, kuma ruwan da ba ya gudu sosai shi ne mazaunin katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Haka kuma kada ka shiga gasar riƙe numfashi a ƙarƙashin ruwa, musamman bayan jan iska da sauri-sauri, domin mutum yana iya suma ba tare da wata alama ba, ko da a ruwa iya ƙugu ne.

3. Zaɓen makaranta da lissafin kuɗi

Katin shaidar nutso ƙungiyoyi ne suke bayar da shi ta hannun malaman da suka amince da su. Waɗanda aka fi sani su ne PADI da SSI da CMAS, kuma cibiyoyin nutso a duniya suna karɓar katin kowaccensu. Kwas ɗin farko a PADI da SSI sunansa Open Water Diver. A tsarin PADI ya ƙunshi karatu kashi 5, darasin tafki 5, da nutso 4 a teku ko wani buɗaɗɗen ruwa, kuma yakan ɗauki kwana 3 zuwa 4. Wanda ya gama yana da izinin sauka har mita 18 tare da abokin nutso. Ana karɓar yara daga shekara 10 da ƙa'idoji na musamman, cikakken kati kuma daga shekara 15.

Ga mai tasowa daga Najeriya ko Nijar, Bahar Maliya tana cikin wuraren da suka fi dacewa da mai koyo, saboda ruwanta garau yake kuma makarantu sun yi yawa: Sharm el-Shaikh da Dahab da Hurgada a Masar, da Jidda a Saudiyya. Zanzibar ma tana da cibiyoyi da dama. Kuɗin kwas a irin waɗannan wurare yakan kama daga kusan dala 300 zuwa 600, ban da jirgi da biza da masauki. Kafin ka biya, ka tambaya a rubuce ko kuɗin ya haɗa da karatun intanet ko littafi, hayar kaya, kuɗin jirgin ruwa da kuɗin fitar da kati, domin a nan ne farashin da ya yi kama da araha yake kumbura.

Abin da ya fi sunan ƙungiya muhimmanci shi ne malamin. Ka tambayi lambar rajistarsa ka tantance ta a wurin ƙungiyar, ka kuma tambayi ɗalibai nawa zai ɗauka a lokaci guda. A ganina, idan sun wuce huɗu, mai jin tsoron ruwa ba zai sami kulawar da yake bukata ba. Mata su tambaya tun da wuri ko akwai malama, domin ana samu a manyan cibiyoyi.

Za a iya yi maka tallan nutson gwaji na yini ɗaya, inda malami zai riƙe ka ya sauka da kai iyakar mita 12. Yana da kyau ga wanda yake son ya ɗanɗana kafin ya kashe kuɗi mai yawa, sai dai ba ya ba da kati.

Gargaɗi: ka ƙara kwana ɗaya cikakke tsakanin nutson ƙarshe da ranar tashin jirginka. Dalilin yana mataki na 10. Ka kuma guji sa kwas ɗin cikin azumi, domin ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin da za a yi bayani a can.

4. Kayan aiki

Tukunyar da aka fi bai wa ɗalibai ta alminiyom ce mai cin kusan lita 11, ko ta ƙarfe mai lita 12, kuma ana cika ta zuwa bar 200 (bar ma'aunin matsin iska ne). Abin da ke cikinta iska ce irin wadda muke shaƙa, an tace ta an matse. A kanta ake ɗaura regileta, wadda aikinta ya yi kama da na kan tukunyar gas ta girki: tana rage ƙarfin iskar zuwa daidai abin da huhu zai iya karɓa. Daga regileta tiyo huɗu suke fitowa, ɗaya zuwa bakinka, ɗaya zuwa bakin ajiya mai launin rawaya na taimakon aboki, ɗaya zuwa mitar da ke nuna sauran iska, ɗaya kuma zuwa rigar iska. Rigar iska ita ce jakar da ake goya tukunya da ita, ana hura ta ko a sace ta domin mutum ya daidaita a ruwa. Sai ɗamarar dalma mai sa mutum ya iya sauka, da rigar roba mai riƙe ɗumi, da kwamfutar nutso da ake ɗaurawa a hannu kamar agogo.

Kada ka sayi ko ɗaya daga cikin manyan kayan nan kafin ka gama kwas, domin cikakken kaya yana haura dala 1,000 kuma makaranta za ta ba ka haya. Abin da ya cancanci ka mallaka tun farko shi ne gilashin fuska, domin fuskoki sun bambanta. Yadda ake gwada shi: ka ɗora shi a fuska ba tare da maɗauri ba, ka ɗan ja iska ta hanci, ka saki hannu. Idan ya manne bai faɗi ba, ya yi daidai. Gashin baki mai yawa yana sa ruwa ya riƙa tsiyayowa ta ƙasan hanci, don haka a rage layin da ke dab da hanci. Gemu kuwa ba ya hana komai. Tabarau ɗin iyo na tafki, wanda ba ya rufe hanci, ba a nutso da shi.

Ruwa yana zuƙe ɗumin jiki fiye da iska sau 20 ko sama da haka, shi ya sa ko a ruwa mai ɗumi ake sa rigar roba mai kaurin milimita 3, da sanyi kuma mai 5. Rigar tana rufe jiki daga wuya zuwa idon sawu, akwai kuma hular roba da ke rufe kai da wuya, sai dai tana kama jiki. Mace na iya ɗora riga mai ɗan sakewa a kai, amma a guji mayafi ko duk wani ƙyalle mai yawo wanda zai iya naɗe tiyo.

Gargaɗi: ba a cika tukunyar nutso da injin mai faci ko kowace kwamfiresa ta masana'anta, domin tana tura tururin mai da hayaƙi mai guba wanda lahaninsa yake ninkuwa a zurfi. Ba a kuma cika ta da iskar oksijin zalla ta asibiti ko ta masu walda, saboda oksijin zalla yana iya jawo jijjiga da suma da zarar an wuce kusan mita 6.

5. Karatun da ba a tsallakewa

Ka yi karatun a intanet tun kana gida, ka isa can kai a sake. Lissafi ɗaya ne ya kamata ya zauna maka daram. A saman ruwa matsin iska a jikinka bar 1 ne. Kowace mita 10 ta ruwan teku tana ƙara bar 1, wato a mita 10 bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Duk iskar da ke cikin abu mai laushi tana matsewa zuwa rabi a mita 10, zuwa kashi ɗaya bisa uku a mita 20, kuma tana sake kumbura daidai haka idan an hau. Daga wannan lissafin ne zafin kunne ya fito, da saurin ƙarewar tukunya a zurfi, da dokar da ta fi kowace girma a nutso: ba a riƙe numfashi ko kaɗan muddin ana shaƙa daga tukunya. Wanda ya cika huhunsa a mita 10 ya riƙe ya hau, iskar za ta ninka biyu a ƙirjinsa, kuma huhu yana iya yagewa ko da a hawan mita ɗaya ko biyu ne kusa da sama.

6. Darussan tafki

A nan za ka koyi haɗa kaya da kwance su, da shaƙar farko a ƙarƙashin ruwa, wadda ya kamata ta zama doguwa, a hankali, ba yankewa. Za a sa ka cire regileta daga baki ka mayar, kuma duk lokacin da take waje sai ka riƙa sakin ƙananan kumfa daga baki don kada maƙogwaro ya rufe.

Darasin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne fitar da ruwa daga gilashin fuska. Za a sa ka bar ruwa ya shiga, daga baya ma ka cire gilashin gaba ɗaya ka mayar. Yadda ake yi: ka danna saman gilashin a goshi da yatsu, ka ɗan ɗaga kai sama, ka fesa iska ta hanci a hankali har ruwan ya fita ta ƙasa. Abin da ke firgita mutane shi ne ruwan da ke taɓa hanci, sai su ja ta hanci su shaƙe, su yi sama a guje. Wanda ya yi darasin tsoma fuska na mataki na 2 da kyau ba ya shan wannan wahalar. Idan ka ga bai zauna maka ba, ka roƙi malami ku maimaita a ruwa marar zurfi har sai ka yi shi ba gaggawa, ko da hakan zai ci rabin yini. Kada kunyar sauran ɗalibai ta sa ka ce ka iya.

Za ka kuma koyi alamun hannu, tunda ba magana a ƙasa. Haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe yana nufin lafiya lau, kuma tambaya ce da amsa. Babban yatsa sama yana nufin a hau, don haka kada ka yi shi da nufin yabo. Tafin hannu a shimfiɗe ana karkaɗa shi yana nufin akwai matsala, sai a nuna inda take. Gitta hannu a maƙogwaro yana nufin iska ta ƙare, a nan ne aboki yake miƙo bakin ajiya mai rawaya.

Sai gwajin nauyin dalma. Da rigar iska a sace da numfashi na daidai a ƙirji, ya kamata ruwa ya tsaya maka a saitin ido, idan ka fitar da numfashi kuma ka fara sauka a hankali. Ruwan gishiri ya fi na tafki ɗaga mutum, na Bahar Maliya ma ya fi na yawancin tekuna gishiri, saboda haka sai an sake gwajin a teku. Kuskuren da aka fi yi shi ne jibga dalma fiye da kima don a sauka da sauri, sai mutum ya wuni yana hura riga yana sacewa, iskarsa ta ƙare kafin ta kowa.

7. Dubawa kafin shiga ruwa

Kafin kowane nutso, kai da abokinka ku duba juna: rigar iska tana huruwa tana sacewa, dalma tana nan kuma kowa ya san yadda ake sakin ta ɗan'uwansa, maɗaurai sun kama, an buɗe tukunya har ƙarshe, mita tana nuna kusan bar 200. Ka ja numfashi uku ko huɗu daga regileta kana kallon allurar mita. Idan tana rawa, ba a buɗe tukunyar sosai ba. Idan iskar tana warin mai ko hayaƙi, a sauya tukunya. Ku yi yarjejeniya kan zurfi da lokaci da abin da za ku yi idan kun rabu, wanda bisa al'ada shi ne a nemi juna na minti ɗaya, sannan kowa ya hau a hankali a haɗu a sama. Ka shafa ɗan yawu ko maganin hazo a cikin gilashi ka ɗauraye, ka hura riga kafin ka shiga ruwa.

8. Sauka da kula da kunne

Nutso biyun farko na kwas ba sa wuce mita 12, biyun ƙarshe kuma mita 18. Ka sauka ƙafa a ƙasa, kai a sama, kana riƙe da igiya idan akwai, kana sace riga kaɗan-kaɗan.

Tun kafin kanka ya nutse ka fara daidaita kunne: ka matse hanci ta cikin robar gilashi, ka hura a hankali kamar mai son fyace majina, har ka ji kunnuwa sun buɗe. Haɗiyar yawu ko motsa muƙamuƙi ma yana yi wa wasu. Ka maimaita a kowace mita, kafin ka ji zafi, domin idan zafin ya riga ya zo hanyar iskar ta matse kuma hurawa ba za ta buɗe ta ba. A mitocin farko ne matsin yake sauyawa da sauri fiye da ko'ina, don haka a nan ake yawaita daidaitawa. Idan kunne ya ƙi, ka yi wa aboki alama, ka hau mita ɗaya, ka sake gwadawa a hankali. Idan ya ƙi har sau uku ko huɗu, nutson ranar ya ƙare, kuma malamin kirki ba zai yi maka ƙorafi ba. Ka riƙa fesa 'yar iska ta hanci cikin gilashi ma, don kada ya tsotse fuska ya tara jini a ido.

Gargaɗi: kada ka hura da ƙarfi, domin hakan yana iya fasa dodon kunne ko ya taɓa can ciki. Kada ka yi nutso da mura, kuma kada ka dogara da maganin buɗe hanci, saboda ƙarfinsa yana iya ƙarewa kana ƙasa, iskar da ke kunne ta rasa hanyar fita a lokacin hawa. Ba a toshe kunne da auduga ko roba.

9. A ƙasa

Da ka isa zurfin da aka tsara, ka ƙara 'yar iska a riga har ka ji ba ka sauka ba ka hawa, ka kwanta a miƙe, hannuwa a haɗe a gaba, ƙafa kaɗai ke aiki. Ƙananan gyare-gyare da numfashi ake yin su: ja mai zurfi yana ɗaga ka kaɗan, fitarwa tana sauke ka. Ka duba mitar iska duk bayan 'yan mintoci, kana tuna cewa a mita 20 tukunya tana ƙarewa sau uku fiye da a sama. Ka sanar da aboki idan ka kai bar 100, kuma ka tsara yadda za ka fito da aƙalla bar 50.

Abubuwa za su yi maka kama da sun fi girmansu da kusan kashi ɗaya bisa uku kuma sun fi kusa, jan launi zai dushe tun a mitocin farko. Kada ka taɓa murjani ko kifi. Wasu suna harbi ko ƙuna, murjani kuma yana lalacewa da taɓawa. Idan ka ji haki ko tsoro ya taso, ka tsaya cak, ka riƙe igiya ko aboki, ka yi dogayen numfashi har zuciya ta kwanta, sannan ka yanke shawara. Kamara ta jira sai bayan kwas, domin mai koyon da ke fama da hoto ba ya kallon mitarsa.

10. Hawa da abin da ke biyo bayansa

Kusan kashi 79 cikin 100 na iskar da kake shaƙa naitirojin ce, kuma a ƙarƙashin matsi tana narkewa cikin jini da tsoka. Idan ka hau a hankali, tana fita ta numfashi. Idan ka hau da sauri ko ka daɗe a zurfi fiye da ƙa'ida, sai ta zama kumfa a cikin jiki, ta kama gaɓoɓi ko laka ko ƙwaƙwalwa. Shi ya sa kowane zurfi yake da iyakar lokacinsa: a jadawalin PADI, nutson farko a mita 18 iyakarsa minti 56, a mita 30 kuma minti 20 kacal. Kwamfutar hannu tana yi maka wannan lissafin, kuma ba a raba kwamfuta ɗaya tsakanin mutum biyu.

Saurin hawa kada ya wuce mita 18 a minti, yawancin kwamfutoci ma a kusan mita 10 a minti suke fara ƙara. Ka ɗaga tiyon riga sama kana sakin iska yayin da kake hawa, domin iskar cikinta tana kumbura tana neman fizgar ka sama. Sababbi sukan yi akasin haka, su hura riga don ta ɗaga su, wanda shi ne hanya mafi sauri ta kufcewa. A mita 5 ka tsaya minti 3. Daga nan ka ƙarasa a hankali, hannu ɗaya a sama, kana dubawa kana sauraren injin jirgi. Da ka fito ka hura riga sosai, regileta tana baki har sai ka tabbatar kana shawagi.

Bayan fitowa ka sha ruwa da yawa, ka guji motsa jiki mai tsanani da wanka da ruwa mai zafi sosai. Kada ka hau jirgin sama sai bayan awa 12 idan nutso ɗaya ka yi, ko awa 18 idan ka yi fiye da ɗaya ko ka jera kwanaki, cibiyoyi da yawa ma awa 24 suke cewa. Hawan tudu a mota shi ma haka yake: wanda ya yi nutso a Jidda kada ya kama hanyar Ɗa'ifa a ranar, wanda ya yi a Dahab kuma ya ɗage hawan Dutsen Sina'i.

Gargaɗi: ciwon gaɓa, kasala mai tsanani, jiri, ƙaiƙayi da tabo a fata, ko mutuwar wani sashe na jiki cikin awannin da suka biyo bayan nutso, duk a ɗauke su a matsayin ciwon kumfar jini har sai likita ya ce ba shi ba ne. A kwantar da mutum, a ba shi oksijin zalla ya shaƙa a nan kan tudu, a garzaya asibiti, kuma kada a mayar da shi ruwa da sunan magani. Maganinsa ɗakin matsin iska ne, wato ɗaki na musamman da ake sa marar lafiya a ciki a ƙara matsin iskarsa, wanda yake da tsada ƙwarai, don haka ka tambayi cibiya inda mafi kusa yake, ka kuma sayi inshorar nutso irin ta ƙungiyar lafiyar masu nutso ta DAN kafin tafiya, tunda inshorar tafiya ta gama-gari sau da yawa ba ta ɗaukar wannan.

11. Kati da nutson gaba

Bayan nutso na huɗu da jarrabawar rubutu, malami zai yi maka rajista, katin kuma yanzu yakan zo ne a waya. Ba ya ƙarewa, amma hannu yana mantuwa. Ka riƙa rubuta kowane nutso a littafi: wuri, zurfi, minti, nauyin dalma, kaurin riga, da iskar da ka fito da ita, domin cibiya ta gaba za ta tambaya, kai ma za ka san dalma nawa za ka nema. Idan ka yi wata shida zuwa shekara ba ka shiga ruwa ba, wanda shi ne halin yawancin mazauna nesa da teku, ka biya kuɗin darasin tuni na 'yan awanni a tafki kafin ka koma. Tsakanin tafiya da tafiya ka ci gaba da iyo a gida da gilashinka da takalminka. Idan za ka fara sayen manyan kaya, kwamfutar hannu ce ta farko, wadda ƙaramarta takan kama daga kusan dala 200. Kwas na gaba yana kai mutum mita 30, iyakar nutson nishaɗi gaba ɗaya kuma mita 40 ce, amma kogo da cikin jirgin da ya nutse kowanne yana da nasa horon dabam, kuma katin farko bai ba da izinin shiga ko ɗaya daga cikinsu ba.